Dogo a Kan Allo

Duk wanda ya ce ilimi ya ƙare a duniya bai taɓa hawa benen da ke saman shagon mai fenti ba. A can sama, ƙarshen wata matakala da sai a karkace ake hawanta, akwai ofis mai ɗaki ɗaya da fanka ɗaya, kuma a nan Allah ya ajiye Likitan Manhaja. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya isa ya raɗa masa ba. Sana'arsa zanen gidaje da kwamfuta. Kana faɗa masa ɗaki nawa kake so, yana danne-danne, sai ka ga gidanka ya miƙe a kan allo, har da labule da bishiyar da ba ta zubar da ganye. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Amma zane ƙaramin abu ne cikin baiwarsa. Babbar hidimar da yake wa al'umma ita ce bidiyon da yake ɗauka da waya, yana warware wa ƙananan masu zane matsalolin manhaja. Yakan sa kwat, ya tara tsofaffin kundayen zane a kan kujera ya zauna a kai don tebur ya daina kai masa ƙirji, sannan ya gyara murya.

"Jama'a masu zane, ku matso kusa. Bango ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa a kusurwa? Rufi ya tashi yana shawagi, ya bar gida a ƙasa? Ƙofa ta buɗe ta cikin banɗaki? Kada ku firgita, ga likita ya zo. Ku kashe, ku kunna. In ta ƙi, ku sake kashewa, amma wannan karon da fushi."

Abin haushin shi ne wani lokaci maganin yana ci. Kwamfuta ta huta, ta dawo hayyacinta, wani ya rubuto godiya. Likita yakan karanta godiyar da ƙarfi har mai fenti ya ji daga ƙasa.

Shawararsa ta biyu ta fi ta farko zurfi. Manhajar tana da wata ɗabi'a ta fito da ɗan akwati mai ruwan ɗorawa a tsakiyar allo, ta ce kaza bai yi daidai ba, a duba. Likita bai taɓa karanta akwatin nan har ƙarshe ba.

"Manhaja 'yar aiki ce," in ji shi. "Yaushe 'yar aiki ta fara yi wa maigida gyara? Akwai ɗan maɓalli a kusurwa, ku danna shi, gargaɗin ya tafi. Ni a wajena ma na toshe bakinta gaba ɗaya."

Wanzami dai ba ya son jarfa.

To, akwai wani abu guda da ba a faɗa a gaban Likita, mu ma a hankali za mu faɗe shi. Allah ya ba shi kai, ya ba shi baki, amma da aka zo rabon tsawo ya tarar an kusa tashi. Gajere ne na gaske. Wannan ba laifi ba ne, matarsa ma a haka ta gan shi ta ce ta ji ta gani. Shi ne dai bai taɓa yafe wa madubi ba.

Ita manhajar zanen gida takan tsayar da ɗan hoton mutum a cikin zane, don mai kallo ya kwatanta girman ƙofa da taga da jikin ɗan Adam. Likita ya ga bai dace wani baƙo marar suna ya riƙa tsayuwa a cikin gidajensa ba. Ya cire shi, ya sa hoton kansa da kwat, ya shigar da tsawonsa na gaskiya. Sai ga wani ɗan taliki tsaye a bakin ƙofa kamar an aiko shi karɓar saƙo. Likita ya daɗe yana kallonsa, ransa ya ɓaci. Nan take ya gano cutar: manhajar ce ke da hassada. Ya kama kan hoton ya ja shi sama kaɗan. Ya yi kyau. Washegari wani ya yaba masa bidiyo, ya ƙara ja. Aka gayyace shi ya yi wa ɗalibai jawabi, ya dawo ya ƙara. Kowane yabo da ɗan tsawonsa, har mutumin kan allo ya ninka na kan kujera, shi kuwa ido ya saba, yana ganin ai haka yake tun asali.

Ana haka surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta tashi gina ɗan gidan da za ta ƙarasa kwanakinta a ciki. 'Ya'yanta maza suka ɗauki nauyin bulo da siminti, aka ce zane kuwa ai ga shi a gida. Inna ta daɗe tana fama da gwiwa. Mace ce da a da ba a suna ko jinya a layinsu ba tare da an ga ƙafarta ba, yanzu daga gado sai kujera, kuma ɗakin da take zaune bango yake kallo. Kaɗaici ya fi ciwon cin ta. Da Likita ya je gaishe ta da kwamfuta a hammata, ya fara lissafa mata salon rufi na ƙasashen waje, sai ta ɗaga hannu.

"Injiniya, ni duk ban san wannan ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka yi mini taga a falo, ta kalli titi, yadda ina zaune a kujerata zan ga mai wucewa. In ga jikokina in sun taso daga makaranta, in ɗaga wa maƙwabta hannu. Shi ke nan."

"Inna, kin gama magana," in ji shi, yana dafa ƙirji. "Taga a daidai ƙuguna zan sa ta. Ko kyanwa ta gifta sai kin gan ta."

Har ga Allah da zuciya ɗaya ya faɗa. Yana son tsohuwar nan, kuma yana so ko sau ɗaya 'yan'uwan matarsa, dogaye masu kallonsa ta saman kai, su daina ce masa mai wasa da kwamfuta.

Sai dai Likita ba ya awo da lamba. Lamba ta ɗalibai ce, gwani da ido yake aunawa. Ya tsayar da hotonsa a tsakiyar falon Inna, ya ja taga ta zo daidai ƙugun hoton. Ya ɗaga ƙofa don kada kan hoton ya bugu. Ya ɗaga silin don hoton ya sha iska. Manhaja, duk da an toshe mata baki, ta samu ta fito da akwatinta mai ruwan ɗorawa, ta fara cewa tsawon taga daga ƙasa ya wuce... Bai bari ta ƙarasa ba. Ta sake fitowa, ya kashe, ya kunna, da fushi. A ranar ma ya yi bidiyo a kan yadda ake ladabtar da manhaja mai taurin kai.

Da ya kai wa Inna ta gani, ta ƙura wa allo ido, ta nuna da yatsa.

"Wannan zanƙalelen fa, waye?"

"Ni ne, Inna."

"Ikon Allah," in ji ta. "Lallai kwamfuta tana ciyar da kai da kyau."

Ya ɗauka yabo ne, ya yi godiya.

Manhaja ta fitar da lambobin awo a kan takarda yadda aka zana, aka miƙa wa magini. Likita ba ya zuwa wajen gini, domin a cewarsa tunani ba ya taka siminti, balle da takalmi mai sheƙi. Sau ɗaya magini ya kira shi a waya yana cewa, "Oga, maganar tagar nan ta falo..." Likita ya katse shi da jawabi mai tsawo a kan yadda masu gini ke lalata fasaha da ka-ce-na-ce, ya rufe da cewa ko ɗigo aka sauya a zanensa babu hannunsa. Magini ya ce to, ya nemo tsani mai tsawo.

Bulo ya ƙare, aka ƙaro, ya sake ƙarewa. 'Yan'uwan matarsa suka fara gunaguni. Maƙwabta suka riƙa aiko wa Inna barka, wai ashe bene take ginawa ba ta faɗa ba. Matarsa ta bi ta layin wata rana, ta dawo tana juya magana a baki.

"Baban yara, gidan Inna kamar ya yi tsawo fa."

"Numfashin gini ake kiransa," in ji shi. "Ba fanninki ba ne."

Ta juya ta ci gaba da aikinta. Ta san mijinta, in ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba.

Ranar tarewa da hantsi aka kawo Inna a mota, 'ya'ya da jikoki suna biye. Likita ya riga kowa zuwa, ya kafa waya a kan ƙafarta don duniya ta shaida. Tun daga bakin ƙofa ya ji wani abu ya ɗan taɓa shi, domin ƙofar ta yi masa kama da ta gareji, kuma sai da ya miƙa hannu sama kafin ya kama mariƙinta. Ya ce a ransa laifin kafinta ne. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Aka shigo da Inna a hankali, ɗa a dama ɗa a hagu. Aka ajiye kujerarta a inda ta daɗe tana mafarki, jikin bangon da ke kallon titi. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta juya da murmushi don ta ga layi. Bango ta gani, an shafe shi da fenti mai kyau. Ta ɗaga kai. Ta ƙara ɗagawa. Can sama ga taga, faffaɗa, gilashinta na walƙiya, cike da sararin sama da wayar lantarki guda.

Murmushin Inna ya tafi, kuma duk wanda ke wurin ya ji zafin tafiyarsa, har da Likita. A waje aka ji wata mata ta wuce tana dariya da wani.

"Injiniya," in ji Inna a hankali, "na ji kamar muryar da na sani. Leƙa ka gano mini wace ce."

Ya matsa jikin bango. Ya yi ɗage. Yatsunsa suka taɓa bakin tagar da ƙyar, hancinsa na gogar fenti. Wani cikin 'yan'uwan matarsa ya ɗauko ragowar bulo ya ajiye masa. Ya hau. Aka ƙaro wani. Kafin idonsa ya kai gilashi matar ta daɗe da shan kwana, wayarsa kuwa tana can tana ɗauka.

"Sauko kada ka faɗi, ɗan nan," in ji Inna. "Ai ba laifinka ba ne. Wancan dogon na cikin kwamfuta aka gina wa gidan. Sai ka turo mini shi ya riƙa tsayawa yana ba ni labarin titi."

Likita ya sauko, ya kakkaɓe kwat, ya lalubo muryar bidiyo daga inda ta ɓuya.

"Inna, wannan ai ƙaramar matsala ce. Abin da za a yi kawai..."

"Na sani, jikokina sun nuna mini a waya," in ji ta, ta gyara zama ta harɗe hannu. "Bismilla. Kashe gidan ka kunna, ina nan ina jira."

Ita ce cuta ta farko a tarihin Likitan Manhaja da sai da guduma ta warke, kuma har yau bai yi bidiyonta ba.