Ɗinkin Cikin Akawal

"Lafiya lau, in ban da ganinki," in ji tsohon tela, yana dogara sanda zuwa cikin bargar asibitin dabbobi.

Jikarsa ce likitar da ta yi wa dokinsa Akawal tiyata shekaranjiya. Hanji ne ya toshe, ta kewaye wurin, ta haɗa na sama da na ƙasa ta ɗinke. Ba ta ɓoye masa ba: in dokin bai yi kashi yau ba, aikin bai ci ba, sai haƙuri. Shekara goma sha tara yana tare da dokin nan. Tsoro ya cika tsohon, amma ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya bari yarinyar nan ta gane.

Ya leƙa ƙasan cikin dokin, ya taɓe baki. "Wannan ne ɗinkin? Ko buhu ba na yarda a yi min haka."

"In ji wanda ya shekara hamsin yana ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙafafunsu ne ba daidai ba. Ni dai ban taɓa ganin ɓaraka na kewaye ta ba. Shekara shida a makaranta, gudun aiki kawai kika koyo."

"Da na bi taka, da yanzu fatarsa kake aunawa."

"Ga takunkumi kin ɗaura masa, bawan Allah ko ciyawa babu."

"Shi ya sa aljihunka ya kumbura? Fito da dusar nan, tsoho. Ya ci ko kaɗan, hanjin ya ɓalle."

Ya zaro ƙullin dusar. Ta ga tsoronsa sarai, ta kau da kai.

"Tawa ce," in ji shi. "Ita nake ci yanzu."

"Da ma haƙoranka sun kai nan."

Ana cikin haka, sai Akawal ya ɗaga jela. Abin ya zubo tim a kan siminti, yana tururi. Tsoho ya tsura masa ido, sai ga hawaye.

"Kuka kake, angona?"

"Wari ne ya shiga idona."

Ya laluba ɗaya aljihun, ya miƙa mata tsohon almakashinsa, wanda ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun taɓa ba.

"Ungo, ki datse zaren can da ke reto, kar ki ja min zagi."

"Ka yarda na iya ke nan?"

"Na wajen dai abin kunya ne." Ya yi dariya yana share fuska da hula. "Na cikin kuwa, ban taɓa yin irinsa ba."