Dambun Gayya

A tsohon littafin girkin matan Dogon Dutsi na ga dambun zogale da sunan Kakata. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na ce Inna ta huta, yau ni ce da tukunya. Na bi awon littafin tiryan-tiryan, na ƙarar da tsakin gidanmu kaf.

Baba ya ga kwanoni har bakin zaure, ya ce, "Suna ake yi ban sani ba?"

Kaka ta yi dariya har da hawaye. "'Yar nan, awon ranar gayya ne, da gari duka ke taya babana noma."

Unguwa duka ta ci. Har yau maƙwabta na tambayata, "Uwar gayya, yaushe za mu kawo hauya?"