Limamin Kifaye

Ni na ja abokaina na unguwarmu ta Stapleton yawon ƙafa, muka gangara kwari har bakin teku. Da la'asar ta yi, na shimfiɗa darduma a kan yashi zan ja mu salla. Alhaji Isufu tela ya ce, "Malam, mu ja baya, ruwan nan tasowa yake."

Na ce, "Alhaji, a bakin dam ɗin Tiga na girma. Ruwa ba shi da ƙafa."

A raka'a ta uku sanyi ya kama idon sawuna, na dake. Da na sallame, dama ruwa, hagu ruwa, mamuna kuwa suna can kan dutse riƙe da takalmana.

Har yau Limamin Kifaye suke kirana. Su yi ta kira. Kifayen dai ba su gudu sun bar limaminsu ba.