Hajiya Ƙyas Ta Rasu Tana da Ƙoshin Lafiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, Malam Audi Mai Hoto na Unguwar Kanawa ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa, wadda unguwa ta sani da Hajiya Ƙyas saboda ƙarar da take yi in ta ɗauki mutum. Ta rasu bayan doguwar jinya, kuma mai gyara ya tabbatar lafiyarta ƙalau. Abin da ya kashe ta ke nan.

Marigayiya ta shekara da shekaru tana ciyar da gidan Audi, kuma an shaide ta da rufin asiri. Da tsufa ya kama ta, ƙofar da haske ke shiga ta maƙale a buɗe, sai ta shiga haskaka duk wanda ya tsaya gabanta. Amarya ta shigo baƙa wuluk, ta fita a takarda fara sol, ba mai, ba sabulu. Sannan wani ɗigon datti ya zauna mata a ciki, daidai inda goshi ke faɗawa in mutum ya hau kujerar shagon. Samarin da masallaci bai san fuskarsu ba sai ranar Idi suka riƙa fita da tabon sallah, suna aikawa gidan surukai. Har daga Rigachikun ake zuwa. Waya ta kashe masu hoto da yawa a garin nan, amma Audi ta kasa taɓa shi.

Ciwon ajali ya fara ne da batir: a cika shi da safe, kafin azahar ya mace. Daga baya idonta in ya fito sai ya ƙi komawa, tana ta “zzz, zzz, ƙit” kamar tsohuwar da ke son tashi daga tabarma. Audi ya sauya batir, ya hura mata iska, ya goge ta da bakin riga, ya bubbuga ta a tafin hannu, duk a banza. Matarsa Harira ta ce ya haƙura ya sayi sabuwa, ya yi mata kallon da ya sa ta koma kan tukunyarta.

Aka kai ta wurin Tijjani mai gyara a Babbar Kasuwa. Ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce, “Malam Audi, wannan gara sabuwa.” Audi ya ce, “A'a, ka gyara komai da komai.” Batir da ido yake nufi. Tijjani kuwa mutum ne mai amana, Allah ya saka masa, ya gyara komai da komai. Ya saki ƙofar haske, ya share dattin nan tas.

Ta dawo gida tana ƙyas-ƙyas kamar budurwa, ta kuma koyi faɗin gaskiya. Amarya Rabi ce ta fara karɓar hotonta. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, “Haba Malam, wannan ai ni ce!” Ta ajiye shi a kan benci ta fice, angon na biye yana shafa goshi. Labari ya zaga unguwa, ƙafa ta ɗauke ɗif. Audi ya koma yana roƙon Tijjani ya mayar da dattin. An mayar, ya sauka a kan hanci. Ya leƙa sababbin kyamarori, ya tarar dukansu gaskiya suke faɗa, har da ƙuraje.

Ta bar caja ɗaya, da batura masu kumburin ciki, da jakar da zif ɗinta ya riga ta mutuwa, da labulen bango mai dogayen benaye. Ta kuma bar Audi, wanda bai iya wata sana'a ba, kuma tsoron haka yana hana shi cin tuwo.

Za a naɗe ta a tawul, a kai ta makwancinta saman kwabet ɗin Harira ranar Asabar bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a shagon, kafin a mai da shi wurin cajin waya. Masu yaba kyan marigayiya a hoton da ke jikin sanarwar nan su sani: Ilham 'yar Audi ce ta ɗauka da wayarta, ta kuma ƙara mata haske.