Allon Fitilu da Kaset ɗin Bikin Rabi

Ba zan taɓa mantawa da kaset ɗin bikin Rabi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƴan shekaru bayan sojoji sun koma bariki na dawo Wudil, bayan na yi aikin lantarki a Jidda da Hambug ta Jamus da Kwatano. Na dawo da harsuna huɗu da girman kai buhu guda. Da aka sa ranar auren Rabi, ƴar yayata Hajiya Asabe, na ce gudummawata allo ce: sunan amarya da na ango da ɗaruruwan ƙananan fitilun LED, haskensu yana tashi yana sauka a hankali, irin wanda na gani a Jidda.

Dabarar rage hasken irin wannan fitila ita ce a riƙa kunnawa ana kashewa da saurin da ido ba ya kamawa. Transista ce makunnin. Mai shagon da na je a Kano ya miƙo mini ƙananan transistoci ƴan Chana, irin da ake kira mosfet, ya ce su ne masu sauri. Na ture su. Ina da nawa a akwati, manya masu jikin ƙarfe, da na taho da su daga Jamus (har wata magana na yaɓa masa da Jamusanci, don ya san da wa yake).

Tsofaffin nawa akwai ƙarfi, amma nauyin jiki gare su kamar mai su. Kafin su gama rufewa an sake buɗe su, sai suka ɗau zafi har ba sa taɓuwa. In koma shagon nan? Allah ya kiyaye. Sai na rage saurin. Zafi ya sauka, ido bai ga komai ba, a wurin biki kowa ya yaba.

Ranar da aka kawo kaset falo ya cika, har da uwar ango daga Indabo. Ga Rabi tsaf, ga allona a bayanta yana ƙyafƙyafta, wani baƙin layi yana bin sa daga sama zuwa ƙasa. Sunan amarya ya fito, na ango ya ɓace. Ya dawo, ya sake ɓacewa. Uwar ango ta gyara mayafi ta ce, “Alhaji, sunan ɗan nawa ne ba ya zama?”

Na tashi da faɗa. Na sa aka kira Sale mai bidiyo, na wanke shi tas a gaban mata: a Hambug da tuni an ƙwace kyamararsa, a Kwatano ko bikin suna ba za a ba shi ba. Bawan Allah sai haƙuri yake bayarwa. Hajiya Asabe ce ta katse ni: “Kai Ɗanlami, ya isa. Allon ai yana zaure, a aro wata kyamarar a gani.”

Aka aro ta wani malamin jami'a, aka jona allo, ni da kaina na leƙa. Baƙin layin yana nan, yana saukowa abinsa. Nan take na gane: saurin da na rage ya yaudari ido, bai yaudari kyamara ba. Na daɗe ido manne da ita, don ban san inda zan kai fuskata ba.

Biki ba a maimaita shi. Sai da Hajiya Asabe ta tafi Indabo rarrashi, ta dawo ba ta ko kallona. Ni kuma na bi Sale har shagonsa na ba shi haƙuri, da Hausa zalla, don sauran harsunan ba su taya ni ba.

Transistocin suna nan a akwati. In ka ji tsoho yana yabon kaya saboda ƙasar da aka ƙera su, tambaye shi saurinsu, sannan ka nesanta shi da bikin ƴarka.