Bunsurun La'ada

Ba zan taɓa mantawa da bunsurun nan ba, ko da tsufa zai kwashe min sunayen jikokina kaf. Abin ya faru ne shekarar da aka sake barin jirage su tashi bayan cutar da ta kulle mutane a ɗaka, bayan rasuwar Malam maigidana, kafin katangar bayan murhunmu ta zube. A shekarar ne 'yata Rabi ta aiko min da tikiti in je Malesiya in yi mata jego. Mijinta yana karatu a can, kuma shi ke jan 'yan Najeriya salla idan sun taru (ba na kama sunan suruki, Dakta nake ce masa, duk da a lokacin bai zama ba).

Na sauka haihuwa da saura, sai na shiga zaman jira a wani gida can saman bene a unguwar Taman Melati, ba tsakar gida, ba katangar da za ki leƙa ki tambayi maƙwabciya gishiri. Zaman ya ishe ni. Sai na riƙa sauka da hantsi zuwa shagon mamak da ke ƙasan benen, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi, in sha shayinsu mai kumfa ina kallon masu wucewa.

Ku sani, ni ba a kai ni boko ba, amma 'yar dillalin dawaki ce. A gindin turke na yi wayo. Babana in ya shafa ƙafar doki sau ɗaya, zai faɗa maka ciwon da ya yi bara. Ni ce mai kai masa ruwa, kuma abin da ya koya wa yayyena maza bai zauna musu ba, a kaina ya zauna. Na rayu da wannan sani a ciki ba wanda ya taɓa tambayata, har ranar da na ji ƙarar kofato tana fitowa daga wayar wani tsoho a teburin kusa da ni.

Ba'indiye ne siriri, mai farin gashi, kowa Ankul yake ce masa, daga unguwar Brickfields yake zuwa ganin 'yarsa. Na leƙa wayar. Dawakin ƙasar Turawa ne a kan ciyawa shar, suna gudu suna tsallake shinge, mahayansu ƙanana kamar an ɗora fara. Wani doki aharas yana gaba, amma na ga yadda yake sauka, yana ɗora nauyinsa duka a kan ƙafar hagu. Na daki tebur na kaɗa kai. Shinge na gaba ya kifa da mahayinsa. Ankul ya kalle ni kamar ya ga aljana.

Daga nan aka ƙulla. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, kalma biyu ce tsakaninmu: boleh, zai iya, da tak boleh, ba zai iya ba. Zai nuna min sukuwar da aka yi jiya, mu bi ta doki doki, wanda ya faɗi da wanda ya gaji a hawan tudu. Sannan ya nuna min waɗanda za su fita ranar Asabar ana zagayawa da su a linzami. In duba ƙirji, in duba gwiwar baya, in duba yadda kunne ke motsi, in ɗora yatsa. Wani lokaci in yi kuskure, amma ba sau da yawa ba. Abokansa suka fara jawo kujeru. Ba na biyan kuɗin shayi, gurasarsu mai ƙwai kuwa har da ta tafiya gida. Suna ce min Mama Haji, ni kuwa ina gyara mayafi.

Me na ɗauka? Dillali na ɗauke shi. A duniyar da na taso, namiji ba ya ƙura wa ƙafar doki ido yana neman shawara sai in saye zai yi ko zai saya wa wani. Na ce a raina Allah Ya kawo ni ƙasar da aka san darajar ido. (Ban taɓa tambayar kaina ina mai hawa jirgin ƙasa da silifas zai ɗaure dawakin Ingila ba. Yabo ya toshe min wannan ƙofar.)

A tsakanin nan ne na yi abin da ya zo ya cinye ni. Matan 'yan Najeriya suna taruwa karatu duk mako, kuma da yake ni ce babba, ni ake ba buɗe taro da addu'a. Wata matar malamin jami'a, Maman Ikram, ta zo tana murna wai ta yi sayayya a wani katafaren kanti a Bukit Bintang, an ce ta sa hannu a akwati, ta ciro takarda, ta ci tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. A gaban kowa na ce mata wannan caca ce, ƙanwar giya, kuma duk shinkafar da ta shiga tukunyar nan ba za ta shiga bakina ba. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah Ya huci zuciyar Hajiya. Na dawo gida ina jin na gyara addinin Malesiya.

Rabi ta sauka lafiya, namiji. Kuɗin karatun Dakta kuwa gwamnati ba ta turo ba, dabba a garin nan kuma sai mai hali. Ina jin su suna ƙus-ƙus a kan abin yanka. Na sauka na nuna wa Ankul hoton jariri. Ya tafa hannu, ya yi kukan akuya, ya nuna kansa, ya nuna ni. Washegari ya kawo min hoton wani bunsuru ƙato a gonar wani Bamaleshe Musulmi, an biya, sai a je a yanka. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. La'ada ce. Wanda ya duba maka doki ka yi sa'a, haƙƙinsa ne ka sallame shi, haka na ga ana yi wa babana.

Na kira Dakta, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin yanka ya samu, gumina ne, wani dillali na yi wa aiki. Na ga tambaya ta zo bakinsa ta koma. Wane suruki ne zai titsiye uwar matarsa? Ya yi ta godiya. Ranar suna da safe ya je da kansa ya yanka, aka raɗa wa yaro Abdullahi.

Da azahar zauren ƙasan bene ya cika, maza gefe, mata gefe, nama ya wadata har mata sun fara cika robobin tapau na tafiya gida. Sai ga Ankul cikin farar riga, ni na gayyace shi. Ya gaishe ni, ya leƙa jariri, sannan ya zaro waya, don gobe Asabar. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na karɓi wayar na ɗaga, na ce wa mata su matso su ga abin da ba a koyarwa a jami'a. Na yi musu bayanin wani baƙin doki akawal, na ce kyau ne kawai, numfashinsa ba zai kai shingen ƙarshe ba. Na nuna musu wani doki bidi mai faɗin ƙirji, na ɗora yatsa a kansa na ce boleh da ƙarfi.

Maman Ikram ce ta tambayi Ankul da Turanci ko dawakin nan nasa ne. Ya yi dariya ya shiga ba ta amsa yana nuna ni, yana nuna tukwanen nama. Ta sa ya maimaita, wai ba ta ji sosai ba. Ta ji. So take na baya su ji. Sannan ta juyo da ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Hajiya, cewa ya yi tunda yake caca bai taɓa haɗuwa da mai hannu irin naki ba. Ya ce dokin da kika zaɓa masa wancan makon ne ya sayi bunsurun nan. Yanzu kuma a kan bidin zai zuba."

Yatsana yana kan wayar har lokacin. Ƙashin haƙarƙarin bunsurun da na gwaguya yana gabana.

Babu wadda ta yi salati da ƙarfi, da ma an yi, da ya fi min sauƙi. Sai ƙarar murfin roba kawai, mata suna buɗe tapau suna juye nama cikin tukunya ɗaya bayan ɗaya. Wata ta tura yatsa bakin ɗanta ta ciro tsoka. Magana ta tsallaka wajen maza, na hango malamai sun haɗa kai suna muhawara ko yankan ya yi ko bai yi ba. Dakta ya taso ya zo, ya durƙusa kamar kullum, bai ɗago ido ba.

"Hajiya, ba komai. Allah Yana duba niyya."

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. A ranar ya kira ƙaninsa a Kano ya nemo rago aka sake yanka. Naman bunsuru aka ba masu sharar bene. Rabi ta juya fuska bango, ban ji muryarta ba sai da na zo gasa mata jiki. Washegari Maman Ikram ta aiko min da shinkafa da miya, ta ce a tabbatar an faɗa min ba a tukunyar nan ta dafa ba. Taron karatu na gaba, wata aka ba buɗewa. Ban cika arba'in ba aka ce an samu jirgi mai sauƙi.

Kuma bidin shi ya zo na ɗaya. Na sani, don ranar da za mu tafi filin jirgi Ankul ya hango ni daga shagon ya ɗaga babban yatsa sama yana washe baki. Wannan ne ya fi ci min rai: karo ɗaya a rayuwata idon babana ya yi aiki a gaban duniya, kuma ba ni da wanda zan yi wa alfahari da shi.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in mutum ya yabi idona, kafin in gyara mayafi sai na tambaye shi ina turkensa yake.

Ankul na ji ya rasu, Rabi ce ta faɗa min. Maman Ikram tana nan da ranta a Zariya, ba ta fasa aiko min da gaisuwar salla ba, kuma kullum sai ta tambayi lafiyar idona. Dakta yana nan, ya zama dakta na gaske, yana gaishe ni har ƙasa, amma in na miƙa masa ko goro ne sai ya saci kallon matarsa tukuna. Yaron ma yana nan, ya yi ƙafa, ba ya zama wuri ɗaya. Abdullahi aka yanka masa har sau biyu, amma daga Malesiya har Kano ba mai kiransa da shi. Sukuwa suke ce masa, kuma yana amsawa.