Rasuwar Kawu Jakez, Matuƙin Jirgin Morvran

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannuwan da gishirin teku ya tsattsaga, Gwenola Kerbrat ta garin Douarnenez na ƙasar Faransa ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk masu bibiyar gasar zagaya duniya a jirgin ruwa, rasuwar abokin tafiyarta Kawu Jakez, na'urar da ke tuƙa mata jirgi da ƙarfin iska. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kudancin tekun Fasifik, inda babu tsibiri balle asibiti, bayan doguwar jinya.

Ga wanda bai san marigayin ba, a ƙeyar jirgin Morvran yake zaune. Faifan katako ne a sama yana shinshinar iska, ƙafar ƙarfe a cikin ruwa, sai igiyoyi biyu da suka tafi ga sandar tuƙi. Iska ta karkata, shi ma ya karkata, ya ja igiya, jirgi ya koma hanya. Dokar gasar ta ce mutum ɗaya a jirgi, ba tsayawa a wata tasha, ba karɓar taimakon kowa. Dokar ba ta ƙirga Kawu cikin mutane ba. Gwenola kuwa ta ƙirga shi.

A maƙerar Baba Tudual aka haife shi, bayan kasuwar kifi, kuma ya yi ƙuruciyarsa yana kai mahaifin Gwenola yawon teku kafin ita ta gaje shi. Mai haƙuri ne. Bai taɓa cin biskit ɗinta ba, bai taɓa tambayar saura nawa a isa ba. Maganarsa kaɗan ce. Idan iska ta yi masa daɗi sai ya ce "ƙiii, tak", ya huta, ya sake. Idan Gwenola ta yi zarin gudu ta ɗaga ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi fiye da kima, sai ya shiga "garr, garr" kamar dattijon da aka ba kofi mai sanyi, ba ya yin shiru sai ta rage. Bisa amanarsa ta yi barci, ta dafa taliya, ta wanke gashi. Shi ya wuce da ita ƙarshen Afirka, shi ya wuce da ita kudancin Ostireliya, tana kwance tana sauraronsa ta bangon jirgi.

Ciwon ya fara ne da tari a tekun Indiya. Wani sabon sauti ya shigo tsakanin "ƙiii" da "tak", ƙarami, "kas". Bututun da ya haɗa ƙafarsa da jikinsa ya tsage. Ta canza masa. Ya sake tsagewa, ta sake canzawa, har na ajiya suka ƙare. Ranar da ake haɗa ta da gida ta rediyo, Baba Tudual ya ƙwace abin magana daga hannun mijinta Loig.

"Ke 'yar nan, kin shafa masa man da na ba ki kuwa, ko kin soya ƙwai da shi?"

"Baba, na shafa masa naka ya ƙare. Yanzu man shanun da Loig ya sa mini yake ci."

"Mai gishiri? Kin kashe min ɗa!"

"Wanne kake so ɗan garinmu ya ci in ba mai gishiri ba?"

Aka yi dariya a kantin shan kofi na bakin tashar jiragen ruwa, inda ake taruwa a saurari rediyon. Tsohon bai yi ba. Ya ce ta yanke ƙafar teburin cin abincinta ta ɗaure masa, ta kuma daina gudu. Ta yanke ƙafar teburin. Gudun ne ba ta daina ba, don ita ce ta biyu a gasar.

Ranar Talata wata igiyar ruwa ta taso ta baya, wadda ta ɗara 'yan'uwanta tsawo, ta kwantar da Morvran a kan haƙarƙari. Da jirgin ya miƙe, Gwenola ta rarrafo waje jini na zuba daga girarta, ta tarar da wuyan Kawu a karye, ƙafarsa na reto. Ta ɗaure kanta da igiya ta leƙa ƙeyar jirgi har ƙugu, ruwa mai sanyin ƙanƙara na rufe ta yana buɗewa. Ta kama ƙafar. Ta riƙe ta har yatsunta suka daina jin komai. Ba ta san lokacin da ta sake ta ba. Faifan ya yi "ƙiii" sau ɗaya, "tak" ɗin bai zo ba.

Marigayin ya rasu ya bar jirgin Morvran, wanda tun ranar ba ya riƙe hanya in ba a riƙe shi ba. Ya bar igiyoyi biyu marayu, da faifan ajiya sabo fil da ba shi da wuyan da zai hau, da tebur gurgu. Ya bar Baba Tudual, wanda ya rufe maƙera. Ya bar Gwenola zaune a bakin sandar tuƙi, tana cin abincin gwangwani da sanyinsa, tana gyangyaɗi tana farkawa jirgi ya ba igiyar ruwa gefe. Ta ce ta fara ganin mutane zaune a gaban jirgin, kuma suna da ladabi, ba sa magana.

Masu duba yanayi sun ce wata guguwa na tafe daga yamma, faɗinta ya fi ƙasar Faransa. Loig ne ya gaya mata.

"Gwen, bar gasar nan. Juya arewa, ki nufi Chile."

"In na juya arewa gabanta zan ratsa, ka fi ni sani."

"To jirgin ceto fa?"

"Wanne? Wanda ya fi kusa da ni sai guguwar ta wuce zai iso. Ka ci abinci kuwa? Muryarka kamar ta akuya."

"Gwen."

"Na ji. Ka ce wa Baba ɗansa ya yi ƙoƙari."

Game da jana'iza, a teku za a yi ta, a inda ya faɗi. Gawar na nan maƙale a ƙeyar jirgi, kowace igiyar ruwa na buga karyayyen ƙarfen a jikin katako, kuma wurin ya fara yoyon ruwa. Dole a kwance shi a sake shi. Kwance ƙusoshin na bukatar hannu biyu, mai makokin kuwa duka nata suna kan sanda. Saboda haka ba a tsayar da lokaci ba, sai iska ta lafa.

Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son yin ta'aziyya su hallara a kantin bakin tasha ranar Juma'a da la'asar, lokacin da ake kunna rediyo. A bar wa Baba Tudual kujerar kusa da akwatin rediyon. Idan rediyon ya yi shiru, ana roƙon jama'a kada a yi saurin watsewa, kada kuma kowa ya taɓa wannan sanarwa. Sunan mamaci ɗaya ne a cikinta, kuma Gwenola ta ce a bar shi haka, kada a ƙara nata.